Jirgin Ladan a Gidan da Babu Iska

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Ladan, maƙerin gwangwani, a ƙauyenmu da ke bayan Sabon Birni. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kuma duk wanda ya san halin da ƙasar Gobir take ciki ba zai tambaye ni dalili ba. A kan tabarmarsa ya cika bayan 'yar jinya, aka yi masa sutura a tsanake, maza suka raka shi makwancinsa, aka yi zaman makoki babu mai waigen hanya. A lokacin na yi kuka kamar raina zai fita. Yau kuwa, Allah ya yafe mini, sha'awar irin mutuwarsa nake yi.

Kowace shekara idan watan ya zagayo, waina nake soyawa in raba sadaka in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Abin da Ladan ya bari ya hana ni sakat, kuma ran mahaifiyarmu, Inna, yana rataye da shi. Ta haura tamanin, hankalinta yana zuwa yana komawa, kullum neman hanyar komawa ƙauye take yi, ƙauyen da yanzu ko ƙarti majiya ƙarfi ba sa shiga. Ni kaɗai ce a kanta, kuma dabara ta ƙare mini.

Abincin Ladan yana cikin fitilar a-ci-bal-bal da mazurari da likin bokiti da buta. Da su yake zuwa kasuwar Sabon Birni, wani lokaci har Isa ko Bafarawa. Amma ba da su aka san shi ba. An san shi da ƙananan jiragen yaƙi da yake ƙerawa da garwar kananzir da gwangwanin madara, masu tsawon kamu ɗaya, irin na zamanin da, masu farfela a hanci.

Asalin abin daga Baba ne. Yana saurayi aka kwashe su zuwa yaƙin duniya na biyu, aka ƙetara da su teku. Shi da bakinsa yake cewa bai taɓa harbin kowa ba. A filin jirage aka ajiye shi, suna tura jiragen yaƙi zuwa inuwa, suna ɗaukar garewanin mai, suna wanki. Aikin da ya fi daɗewa a kansa shi ne goge farfela, abin nan da ke juyawa a gaban jirgi yana jan sa. Tsumma a hannu, daga gindi zuwa baki, safe da yamma. Ya dawo gida bai iya karatun boko ba, bai iya tuƙi ba, amma tafin hannunsa ya haddace farfela.

Ladan yana fara ƙira ya haɗa jirginsa na farko daga labarin da Baba ke bayarwa, ya kawo masa yana ta washe baki. An ce Baba ya duba gangar jiki ya gyaɗa kai, ya duba fukafukai da wutsiya ya gyaɗa kai, da ya zo kan farfela sai ya miƙa masa abinsa ya ce ya je ya sake. Ladan ya yanka mata harsuna huɗu a shimfiɗe, haka shi yake kiran ganyayen nata, harsuna. Gardamar da ta fara a ranar ba ta ƙare ba sai da Baba ya kwanta dama. A cikinta na tashi, a tsakar gidan Inna, ɗaya yana cewa ba haka ba, ɗaya yana cewa to yaya.

Ga abin da na tsinta a bakinsu. Harsuna uku ne ga irin jirgin da Baba ya yi wa hidima. Kowane harshe a gindinsa kauri gare shi, kusan a mulmule, shi ya sa Ladan ke ninka gwangwanin ya cika da dalma. Ya buɗe a tsakiya, ya sirance a baki. Baƙin fenti ake shafa masa, sai ɗan bakin a ɗiga ruwan ɗorawa, domin idan tana gudu wanda ke ƙasa ya hangi zoben ya kauce. Baba ya ce ya ga wanda bai kauce ba. In ka tsaya ta bayan jirgin, hannun dama za ka ga tana juyawa. Sai uwa uba, murɗa. Harshen ba a shimfiɗe yake ba, kuma ba lanƙwasa ɗaya ake yi masa ba. A hankali yake murɗuwa tun daga gindi har baki, kuma dole duka ukun su zo iri ɗaya.

A nan Ladan yake haukata mutane. Mace ta aiko da butarta tun hantsi, azahar ta yi yana nan zaune da harshe ɗaya a filaya, yana ɗaga shi sama yana kanne ido. Ni kam ba na raga masa. Ina ce masa sojan gwangwani, ina tambayarsa ranar da za mu tashi zuwa Makka. Ba ya ko ɗago kai. Wani ɗan kasuwa da ke kai kaya Nijar ya taɓa cewa ya ƙera masa jiragen da yawa, ya bar wahalar murɗa, tunda yara ne za su yi wasa da su ba su san bambanci ba. Ladan ya ce masa, "Alhaji, in ba a murɗa ta daidai ba, wanga ba jirgi na ba, hwanka ta. Ni ko ba ni ƙirar hwanka." Mutumin ya tafi bai sake dawowa ba, Ladan kuma ya ci gaba da kanne idonsa.

Wanda ya fi kowanne kyau bai sayar ba. Ya kafa shi a kan doguwar gora a saman ɗakin Inna. Gidanmu shi ne na ƙarshe ta wajen fadama, babu abin da ke tare iska tun daga gulbi har bakin danga. Wutsiyar jirgin ke juya shi ya fuskanci iskar, farfela kuma ta kama aiki. Ba ƙara take yi ba, wani ɗan gurnani ne a ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma a cikin amya. Wuni ake yi ana jin sa, har mu 'yan gida muka daina ji.

Inna ce ba ta daina ba. Ladan ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, "mai jirgi" take cewa. Bayan rasuwarsa ba ta yi zancensa da kowa ba, amma na lura takan dakata da sussuka ko tankaɗe ta karkata kunne, in ta ji gurnanin sai ta ci gaba. Da mantuwa ta fara kama ta, ta manta sunayen jikoki, ta manta ko ta yi sallah, amma ba ta taɓa ɓata a gida ba. Muddin abin nan yana juyawa a saman kanta, ta san inda take.

Sai 'yan bindiga suka shigo rayuwarmu. Da shanu suka fara, suka koma hana noma sai da izininsu, suka koma ɗaukar mutane. Ba sai na ba mutanen Isa da Sabon Birni labari ba. Shekara uku da suka wuce muka fito. Ni ungozoma ce, mijina ya riga Ladan rasuwa, 'ya'yan Ladan kuma mata ne, kowace tana inda aure da gudun hijira suka jefa ta. Da safiyar da za mu tashi, Inna ta ƙi hawa babur sai an sauko mata da jirgin. Ta naɗe shi a zani ta rungume. Da muka iso Isa muka kwance zanin, sai ga jirgi babu farfela. Ta fizge a wani wuri cikin gargadar hanya, kuma babu mahaukacin da zai koma nema.

Nakan tambayi kaina me Ladan zai ce da ya ga yau. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa bai taɓa ganin jirgin yaƙi na gaske ba, ga shi yanzu suna ratsa sararin Gobir, wasu ma da farfelarsu a hanci. Na san halinsa. Kowa zai kwanta rub da ciki, shi kuwa zai fito tsakar gida ya kare ido da hannu yana ƙoƙarin ƙirga harsuna. Amma ban san abin da zai ce ba in aka gaya masa gonar Baba ta koma daji, an cire ƙyauren ɗakin Inna, kuma ko kabarinsa ba mai iya zuwa ya yi masa addu'a.

A Isa ɗaki muka kama a tsakiyar gari, cikin gidan haya mai dogayen katangun bulo. Tun makon farko Inna ta ce gidan shiru gare shi. Ba ta ci sai da lallashi. Ta ɗaure 'yan tsummokaranta a ƙunshi, da zarar na juya baya ta kama hanya. An taɓa dawo mini da ita daga tasha, tana ƙoƙarin shiga motar Sabon Birni ba ko takalmi. Wata rana kuma wata mai itace ce ta tsinto ta can bayan gari, a hanyar da ranar ma sai da aka tare mutane. Da na gan ta ƙafafu duk ƙaya, na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban maƙwabta, ban ji kunyar kowa ba. In na tambaye ta ina za ta, amsa ɗaya ce, ba ta ji jirgi ba, don haka nan ba gida ba ne.

Daga nan tunanin ya zo mini. Na ce in har gurnanin nan ne gida a wurinta, to bari in kawo mata shi Isa. A samu farfela, a kafa jirgi a saman ɗaki, ta ji, ta zauna. Abin ya yi mini sauƙi a baki.

Na ɗauki jirgin na shiga layin maƙera. Na farko ya yanka harsuna huɗu a shimfiɗe, kuskuren da Ladan ya yi yana yaro. Na biyu ya ce in bar masa, ya kwaikwayi fankar teburi. Wannan kam tana juyawa har da gudu, amma hagu take yi, tana kwaramniya kamar an ja gwangwani a kan tsakuwa. Inna ta kalle ta sau ɗaya ta kau da kai. Duk maƙerin da na je wa, fanka ce a kansa, domin ita ya sani, ita yake gyarawa kullum, a wurinsa duk abin da ke juyawa da iska ɗan gidansu ne. Aka nuna musu hotuna a waya, amma hoto yana nuna faɗi da tsawo, ba ya nuna murɗa, a yawancinsu ma farfelar gudu take yi sai hazo-hazo. Ni kuma da na girma a ƙarƙashinta, na san akwai murɗa, amma yawanta da yadda hannu ke fitar da ita, ban sani ba. Wa ke tsayawa kallon saman ɗakin uwarsa?

Mutum ɗaya ne bai gaji da ni ba, Malam Nomau, dattijon maƙeri wanda shi ma gudu ya kawo shi daga wani ƙauye kusa da Bafarawa. Ya yi ya sake, ya yi ya sake, har na fara jin nauyin zuwa rumfarsa. Ya ce in daina jin nauyi, shi ma uwarsa a Isa ta rasu tana tambayar yaushe za a koma.

Wata la'asar na dawo daga aiki na tarar da Inna da kaba a cinya, wadda nake ba ta don ta shagala da saƙar faifai. Ba saƙa take yi ba. Ta riƙe zare ɗaya na kabar, hannun hagu ya danne gindi, babban yatsan dama yana bi a hankali yana kwantar da shi har baki, tana magana ita kaɗai. Na matsa na ji tana cewa, "Gindi shi tsaya, baki shi kwanta." Maganar Baba ce. Sai a lokacin na tuna cewa duk shekarun gardamar nan, ita ce ke riƙe wa Ladan harshe idan zai ɗiga dalma, domin hannu biyu ba ya isa.

Ko mayafi ban gyara ba na koma kasuwa na taho da Malam Nomau da kayan aikinsa. Ya durƙusa a gabanta ya gaishe ta, ya zauna yana kallon yatsunta. Ya murɗa gwangwani ya miƙa mata, ta shafa ta ture. Ya sake, ta ture. Ba a gama a ranar ba, ya yi ta zarya kwana da kwanaki, wata rana ta kula shi, wata rana ta tambaye ni wane ne wannan. Har ranar da ya miƙa mata wani, ta bi shi da yatsa daga gindi zuwa baki, ta sake bi, ba ta ture ba. Ya yi sauran biyun a kansa, ya shafa baƙin fenti, ya ɗiga ruwan ɗorawa, ya soke ta da wayar ƙafar keke a hancin jirgin.

Muka kafa gora a saman ɗaki muka zauna jira. Farfela ta ɗan motsa ta tsaya. Katanga ta gabas, katanga ta yamma, ga benen maƙwabci, ga bishiyar dogon yaro ta rufe sauran. Muka wuni, ba ta yi juyi ɗaya cikakke ba. Na ce a ƙara wata gorar a ɗaga shi ya wuce katangu. Kafin mu ɗaura, mai gidan ya aiko a kira ni. Cikin mutunci ya yi maganar, ya ce in dubi zamani, ba a ɗaga siffar jirgin yaƙi a saman gida yanzu, ba a san wanda ke kallo ba, ba a san abin da zai je ya faɗa a daji ba, kuma akwai iyalai a gidan ba mu kaɗai ba. Na sa aka ajiye gorar, don gaskiya ya faɗa.

Malam Nomau bai so ya tafi bai san ko aikinsa ya yi ba. Ya sauko da jirgin, ya hau bayan babur ɗin wani maƙwabci, ya ɗaga shi sama, suka bi lungun ƙofar gida a guje. Ina tsaye a zaure na ji shi. Gurnanin nan ne, shi ɗin dai, babu ragi. Shekara uku rabona da shi, ban san ina kewarsa haka ba sai ranar.

Da na juya sai ga Inna a bayana, a tsaye kyam, idonta tar kamar na shekarun baya. Ta ce, "Dije, shi na. Na mai jirgi na."

Na ce, "Shi ne, Inna. Kin ga ya zo nan inda muke."

Ta dube ni kamar ni ce mai ciwon mantuwar. Ta ce, "To mi shika yi nan? Nan ba iska. Ɗauko shi mu tahi gida."

Abin da na ƙulla ke nan da hannuna, da taimakon mutumin kirki. Da farfelar ta zo a karkace, da Inna ta kau da kai kamar yadda ta yi wa sauran, mu ci gaba da lallaɓawa. Da yake ta zo daidai, sai ta tuna mata da komai, fadama, danga, inda gora take, ta wace kusurwa iska ke fitowa. A da in ta fita ba ta san hanya sosai ba. Yanzu tana lissafa mini garuruwan da za mu ratsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure ko guda. Jirgin yana cinyarta wuni, ƙunshinta yana gefe. A makon nan kaɗai sau biyu ana tare ta a bakin titi.

Na je wurin malamai, na je asibiti, an ba ta maganin barci na ga yana mai da ita kamar gawa na daina. Na roƙi 'yan uwa, kowa yana fama da nasa. Na yi tunanin neman ɗaki a gefen gari inda iska ke kaɗawa, amma gefen gari shi ne inda ake fara shiga idan an zo. Wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji, tsoron ranar da za a ce mini an ga wata tsohuwa a hanyar Sabon Birni rungume da jirgin gwangwani.

Idan na auna abin da ya rage na Ladan bayan shekara tara, ba shi da yawa. Fitilunsa sun yi tsatsa, rumfarsa ta faɗi, jiragen da ya sayar ban san ko ɗaya yana raye ba. Abin da ya rage shi ne taurin kan nan nasa, cewa abu ko na wasa ne a yi shi yadda yake. Ya zauna a yatsun Inna ba mu sani ba, ya tsallake mantuwa, ya shiga hannun maƙerin da bai taɓa ganinsa ba. Ina alfahari da wannan, ina kuma jin haushinsa, duka a zuciya ɗaya. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa ka huta. Ka yi aikinka daidai, mu ne muka rasa inda za mu kafa shi.

Jiya na sayi kwaɗo. Yau da safe da zan tafi aiki na ajiye mata fura da ruwa da buta, na jawo ƙofa a hankali ina fatan ba ta ji ba. Ta ji. Ba ta yi faɗa ba, ba ta buga ƙofar ba. Ta cikin ɗaki ta ce, "Dije, ni kika rufewa?"

Na ce, "Yanzu za ni dawo, Inna."

Ta ce, "To. Ki biya tasha ki gani ko mota ta cika."

Na datse kwaɗon, na ɗaure makullin a bakin zanina, na tafi karɓar haihuwa.